“Kun Sa Mana Kyamara a Gida Ne?”: Masu Barkwancin Intanet na Masar da Iyakar da Ba a Shata Ba

Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ya yafa tawul a ka ya ɗaure a haɓa, ya zura doguwar rigar mata mai furanni, yana tsaye gaban wata kabad mai gilashi da ta cinye bango guda a falo, cike da kofunan tangaran da farantai masu bakin ruwan zinariya. Hoto ya juya, sai ga shi kuma a matsayin ɗa, ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ɗaya ya zuba shayi. Kafin yatsunsa su taɓa gilashin, silifa ta taso daga kicin ta same shi a ƙeya. Uwar ta fito tana faɗa, ta ce tun ranar da aka kawo ta gidan nan ba wanda ya taɓa sa baki a kofunan, na baƙi ne. Ɗan ya ce ai jiya an yi baƙi, kuma a tsofaffin kofuna aka ba su. Ta ce waɗancan ba su ne baƙin da take jira ba. Duka wasan bai cika minti ɗaya ba.

Sunan kabad ɗin nan a bakin Misirawa “nish”, kuma a gidaje da yawa amarya ba ta tarewa sai da ita. Iyaye kan ci bashi su cika ta da kayan da ba za a taɓa mora ba, kamar yadda kakanninmu suka riƙa jera kwanuka har rufin ɗaki. Wasan uwa da nish da silifa an yi shi sau ba adadi a Facebook da TikTok da Instagram, kowane yaro da irin muryar da yake ba mahaifiyarsa. Masu kallo kuma kusan magana ɗaya suke maimaitawa. Wannan ya ce wallahi mamarsa ce sak, waccan ta kira 'yar'uwarta ta zo ta ga kanta, kuma da wuya a rasa wanda zai tambaya: “Kun sa mana kyamara a gida ne?” Wannan tambayar ita ce ladar mai wasan. Idan aka yi masa ita, ya san ya taɓo abin da miliyoyin mutane ke ciki, kowa yana zaton a gidansu kaɗai ake yi.

Mai hange daga nesa zai ce wasan yara ne, kuma ana yin irinsa a ko'ina. Gaskiya ne ana yi. Amma a Masar wannan salo yana da tarihin da ya haife shi. Ya yi ƙarfi ne a daidai lokacin da aka rufe ƙofar yi wa masu mulki ba'a, masu ban dariya suka ja da baya suka fake a falo da kicin da motar haya. Abin da ya dame ni, kuma ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne yadda tsadar rayuwa ta biyo su har cikin kicin ɗin, ta mayar da maganar farashin kaza maganar da za ta iya kai mutum kurkuku.

Sauran Larabawa na kiran Bamisire “ibn nukta”, wato ɗan barkwanci. Su kansu idan za su yabi mutum sai su ce jininsa ba nauyi, wanda kuwa zama da shi ke gundura sai a ce jininsa ya yi nauyi. Masu mulkin ƙasar sun daɗe da sanin cewa wannan hali ba abin rainawa ba ne. Tun a 1878 mai mulkin Masar Khedive Isma'il ya kori Yakubu Sannu zuwa Faransa saboda jaridarsa ta zambo mai suna Abu Naddara. Bayan kayen da Isra'ila ta yi wa Masar a yaƙin 1967, Shugaba Jamal Abdul Nasir da kansa ya fito a jawabi yana jan hankalin jama'a kan barkwancin da suke yi wa sojoji. Sai kuma wasannin dandamali na shekarun 1970, na su Adel Imam da Sa'id Saleh, waɗanda gidajen talabijin ke maimaitawa duk sallah har yara suka haddace su kamar karatun allo. Daga cikinsu ne da finafinan da suka biyo baya aka tara rumbun maganganun da kowa ya sani. Jimlar da ta sa dariya a fim suna kiranta “iffe”, kuma yau idan wani abu ya faru, kafin awa guda an yanko fuskar wani tsohon ɗan wasa an liƙa mata maganar da ta dace da labarin. Saurayin da ya ɗauki waya zai yi wasa, ya tarar da masu kallon da aka riga aka horar da kunnuwansu shekara da shekaru.

Na fara gane ƙarfin abin ne a cikin farar ƙaramar bas ɗin nan da suke kira mikrobas, a hanyar Ramsis zuwa Hayyul Ashir, unguwar da baƙi 'yan Afirka da yawa ke zama. Motar ba kwandasta. Kowa yakan miƙa kuɗinsa ga na gabansa, hannu zuwa hannu, har su taru a wurin wanda ya zauna bayan direba. Ran nan wani matashi ne mai jakar kwamfuta a cinya. Nan da nan hannunsa ya cika da takardun fam, kuɗin Masar, na biyar da na goma. Wannan na cewa kuɗin mutum biyu ne, wata hajiya na tambayar canjinta, wani dattijo daga can baya na kiran “ala gamb ya usɗa” a sauke shi, direba kuma ya miƙo hannu ta kafaɗa bai ko waiwayo ba. Lissafi ya ƙi fita, saura kuɗin mutum ɗaya, kowa ya rantse ya biya. Aka yi ta ƙirga kawuna, ashe matashin ne ya manta bai sa nasa ba. Motar ta kaure da dariya, har shi. Bayan 'yan watanni wani abokin karatuna ya nuna mini bidiyo a wayarsa, wasu samari sun jera kujeru a ɗaki sun kwaikwayi wannan rikici na tara kuɗin mota, har da miƙo hannun direba. Ɗalibanmu da ke zuwa Azhar daga Kano da Sakkwato da Damagaram kan isa da Larabcin littafi, su tarar da wani daban a titi, inda jim ta koma “g”, ƙaf kuma ta narke. Na san waɗanda a irin waɗannan bidiyoyi suka koyi yadda ake ciniki da mai kayan miya da yadda ake magana da maigadin bene.

Amma ba da mikrobas aka fara ba. Bayan saukar Hosni Mubarak a Fabrairun 2011, wani likitan tiyatar zuciya, Bassem Youssef, ya kafa kyamara a ɗakin wanki na gidansa ya fara sa gajerun shirye-shirye a YouTube, yana tona ƙaryar da gidajen talabijin suka yi ta yi a kwanakin zanga-zanga. Cikin 'yan watanni talabijin ta ɗauke shi. Shirinsa mai suna Al-Barnamag ya zama abin da ake barin aiki a zauna kallo daren Juma'a. Ya yi wa Shugaba Muhammad Mursi ba'a son ransa, har a Maris na 2013 aka ba da umarnin kama shi kan zargin cin mutuncin shugaban ƙasa da addini, aka yi masa tambayoyi aka sake shi kan beli. Da sojoji suka hamɓarar da Mursi, sai ƙasa ta canja a ƙarƙashin ƙafarsa. Tashar CBC ta dakatar da shirin a Nuwambar 2013, ya koma MBC Masr, sannan a farkon Yunin 2014, kwanaki kaɗan kafin a rantsar da Abdel Fattah al-Sisi, ya sanar cewa shirin ya ƙare. Daga baya ya bar ƙasar.

Waɗanda suka rage a gida sun gwada ci gaba ta waya. Wasu samari shida da suka kira kansu Aɗfal al-Shawari', wato yaran titi, sukan tsaya a bakin hanya su cusa fuskokinsu cikin kyamarar waya ɗaya, su rera waƙoƙin zambo. A 2016, lokacin da ake ta ce-ce-ku-ce kan miƙa wa Saudiyya tsibiran Tiran da Sanafir, suka taɓa shugaban ƙasa kai tsaye. A watan Mayu aka kama su, huɗu daga ciki suka shafe wajen wata huɗu a tsare. Shady Abu Zeid, wanda ke yawo da makirufo yana zolayar mutane kan ra'ayoyinsu, an ɗauke shi daga gida a Mayun 2018, bai fito ba sai Oktoban 2020, duk a tsare ba tare da an yi masa shari'a ba. Ko 'yar tsana ba ta tsira ba: a farkon 2014 masu gabatar da ƙara sun binciki ƙorafin cewa Abla Fahita, 'yar tsanar nan mai bakin tsiya, ta isar da saƙon sirri ga 'yan ta'adda a cikin tallar wani kamfanin waya. A 2018 kuma aka yi dokoki biyu da suka canja komai. Doka mai lamba 180 ta ce duk shafin da mabiyansa suka kai 5,000 hukumar kula da kafofin labarai na iya sa masa ido, har ta toshe shi. Doka mai lamba 175, ta laifukan intanet, a sashenta na 25 ta tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar fam 50,000 zuwa 100,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta “ƙa'idoji da ɗabi'un iyali” na al'ummar Masar. Dokar ba ta fayyace mene ne waɗannan ɗabi'u ba.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Masu basira suka juya ga abin da ba mai kama su a kai. Ahmed Amin na cikin waɗanda suka nuna hanyar. Ya fara da gajerun bidiyoyi da ya sa wa suna Daƙiƙa 30, yana zaune yana “koya” wa mutane yadda ake fita daga ƙananan matsalolin yau da kullum, da fuskar mutumin da bai san yana ba da dariya ba. Daga nan ya sami shirin talabijin, a 2020 kuma shi ya ja ragamar shirin Masar mai dogon zango na farko da Netflix ta shirya. Wannan tafiya daga ɗaki zuwa babban allo ita ce mafarkin dubban samari da 'yan mata a yau. Mutanen da suke kwaikwayo kuwa kowa ya san su. Akwai uba mai bin ɗakuna yana kashe fitila. Akwai uwar miji da ta zo “wucewa kawai” ta kwana uku. Akwai Madam Afaf, sunan da Misirawa suka laƙaba wa ma'aikaciyar ofishin gwamnati da ake tura ka wurinta a hawa na huɗu, ka tarar tana karin kumallo, ta ce ka dawo gobe. Akwai gidan da ke da ɗan da zai rubuta Sanawiyya Amma, jarrabawar gama sakandare da ke yanke wa yaro makomarsa, inda ake kashe talabijin shekara guda, a hana baƙi zuwa, albashi ya ƙare a kuɗin malaman lesin. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin gudun gaskiya ba. Wanda zai rubuta tarihin zaman talakan Alƙahira na waɗannan shekaru zai sami abin da ya fi na jaridu a cikin waɗannan 'yan mintoci.

Sai dai gida ba ya rabuwa da kasuwa. A farkon 2022 dala ɗaya ba ta kai fam 16 ba. Zuwa Janairun 2023 ta kai wajen 30, a Maris na 2024 kuma ta doshi 50. Hauhawar farashi ta kai kashi 38 cikin ɗari a Satumbar 2023. A ƙarshen 2022 cibiyar gwamnati mai kula da abinci mai gina jiki ta ba jama'a shawarar su riƙa cin ƙafar kaza, abin da ya tayar da ƙura, domin mutane sun ji kamar ana ce musu su haƙura da naman. Daga bazarar 2023 aka shiga ɗauke wuta bisa jadawali, a ƙasar da ta yi shekaru tana alfahari da wadatar lantarki. A Yunin 2024 burodin tallafi, wanda suke kira “aish”, wato rayuwa, ya tashi daga ƙirshi (kwabon Masar) 5 zuwa 20, karon farko cikin sama da shekara talatin. Duk wannan ya shigo cikin wasannin, don ba yadda za a yi ka kwaikwayi uwa a kicin ka bar ƙwan da take ƙirgawa. Uwar da a da take jifa da silifa saboda kofin tangaran, yanzu saboda an ci ƙwai biyu a zama ɗaya take jifa. Saurayin da ya je sayen “shabka”, zinaren da ango ke kai wa amarya, ya ji farashi ya sulale ƙasa a shago. Mai wasan bai ambaci sunan kowa ba, bai ce gwamnati ba, amma duk mai kallo ya san wanda ke riƙe da akalar kuɗin ƙasa.

A nan ne iyakar ta ɓace. A ƙarshen Maris na 2022 aka kama wasu mutum uku daga Asyuɗ, a kudancin ƙasar, masu wasa a TikTok da sunan Zurafa'ul Galaba, wato masu raha na cikin talakawa. Laifinsu waƙar ban dariya kan tashin farashin kaya. Tuhumar da aka karanta musu ita ce yaɗa labaran ƙarya da shiga ƙungiyar ta'addanci, kuma sai a watan Mayu suka shaƙi iskar 'yanci. A Janairun 2023 aka tsare wasu biyar saboda ɗan wasan da ya nuna budurwa ta kai wa saurayinta ziyara a gidan yari. Waɗannan mutane ba jam'iyya suka kafa ba, ba zanga-zanga suka kira ba. Abin da suka saba yi suka yi, suka nuna wa mutane rayuwarsu. Ciwon shi ne ba wanda zai iya gaya maka tun kafin ka sa bidiyo ko ka tsallaka layi. Wani ya yi wasa kan tsadar nama ya sami talla, wani ya yi irinsa ya kwana a hannun jami'an tsaro, kuma a lokacin dokar ƙasar ta yarda a tsare wanda ake zargi da babban laifi har shekara biyu kafin shari'a.

Idan ka duba waɗanda abin ya fi faɗa wa, sai ka ga ba a raba wahalar daidai ba. Misirawa da kansu suna da barkwanci kan wannan. Sukan ce ƙasa biyu ce a cikin ɗaya: akwai “Ijibt” ta masu zama a rukunin gidaje masu katanga, masu cakuɗa Larabci da Turanci, akwai kuma “Masr” ta masu hawa mikrobas da tuk-tuk, wato keke napep. Ko gaɓar tekun Bahar Rum da ke yamma da Iskandariya, inda ake zuwa hutun bazara, sun raba ta biyu: “Sahil na kirki” inda iyali ke zuwa da tukunyar abincinsu, da “Sahil mugu” inda kuɗin kwana ɗaya ya fi albashin malamin makaranta. Da yawa daga cikin masu wasan da kamfanoni ke so 'yan Ijibt ne da ke kwaikwayon mutanen Masr. Idan 'yar Masr ta gaske ta ɗauki waya, da lafazinta na unguwa da ɗakinta mai tsohon fenti, sai a fara maganar lalata tarbiyya. A Yulin 2020 kotun tattalin arziki ta Alƙahira ta yanke wa wasu 'yan mata biyu da suka yi suna a TikTok ɗaurin shekara biyu da tarar fam 300,000 kowacce a kan ɗabi'un iyali, daga baya aka sake gurfanar da su da tuhumar safarar mutane. Ƙungiyoyin kare haƙƙi sun sha nuna cewa mafi yawan matan da ake kamawa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne. A bazarar 2025 ma an sake kwashe masu TikTok da dama, wasu har da tuhumar halatta kuɗin haram.

Ba ina cewa duk abin da ake sawa mai tsabta ba ne. Akwai batsa, akwai iyalan da ke sayar da sirrin gidansu don a kalla. Akwai kuma waɗanda wannan “gidanmu” bai haɗa da su ba. Ba-Sa'ide, mutumin kudu, har yau shi ake sa wa rigar wauta. Baƙar fata kuwa ta daɗe tana zama abin dariya mai arha. A azumin 2019 wani shirin zolaya na talabijin ya shafa wa 'yar wasa baƙin fenti, ta shiga mikrobas a matsayin 'yar Sudan tana damun fasinjoji, abin da ya fusata Sudanawa matuƙa. Duk ɗan Afirkan da ya zauna a Alƙahira ya san yadda irin wannan wasa ke fitowa daga allo ya biyo shi titi a bakin yara. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma matasan Masar da dama sun fito sun yi tir da shirin. Sai dai ba irin wannan cutarwa ce ke kai mutane gaban mai gabatar da ƙara ba.

Kuɗi ma na da nasa linzamin. Mai wasa a Masar ya fi dogara da tallar kamfanonin waya da na abinci da na gidaje, musamman a watan azumi, lokacin da kasuwar talla ke cika ta batse. Kamfani ba ya son rigima, saboda haka mai son talla yakan tace kansa tun kafin a tace shi. Wanda ke mafarkin shiga wasannin azumi na talabijin kuma ya san mafi yawansu suna hannun kamfanin Al-Muttahida, wanda ake dangantawa da hukumomin tsaron ƙasar. Tun da aka fara bikin nishaɗi na Mausim al-Riyad a 2019, Saudiyya ta zama babbar kasuwar 'yan wasan Masar, ita ma da nata abubuwan da ba a taɓawa. Ita kuwa hukumar haraji tun a Satumbar 2021 ta kira masu YouTube da sauran shafuka su yi rajista, waɗanda cinikinsu ya haura fam 500,000 a shekara su shiga tsarin harajin kayayyaki.

A tsakanin waɗannan duka saurayin nan mai tawul a ka yake aiki. Ya gama ɗaukar sabon wasa, uwa ta dawo daga kasuwa da leda ɗaya maimakon huɗu, ta zauna tana lissafa wa 'ya'yanta abin da ta saya. A jimlar ƙarshe ta faɗi farashin kilon nama, ta ɗaga ido sama ta tambayi wanda ya jawo musu wannan. Nan ne dariyar take, kuma ya sani. Yana zaune da waya a hannu da tsakar dare, ya mayar da wurin baya ya sake kallo, ya tura wa abokansa biyu ya tambaye su ko ya yanke tambayar ya bar farashin kawai. Ɗaya ya ce ya bari. Ɗayan ya tuna masa da mutanen Asyuɗ.